Ruwa ba ya tsami banza: yadda na gyara ban-ruwan lambuna

Da hantsi Baba ya hauro lambuna, riƙe da albasa guda uku a hannu. Ko sallama bai ƙarasa ba ya shimfiɗa su a kan kunya, ya ce, "Ɗana, duba min nan." Kan ganyen ya ƙone kamar an gifta masa wuta, ƙwayar kuwa ba ta fi ƙwan zabo ba, ga shi an shiga watan Maris. Na ce, "Baba, ko tsutsa ce?" Ya ce shekararsa arba'in yana noman albasa, ya san aikin tsutsa. Ruwan da yake ja ne ya koma zartsi, kuma ruwan nan ta gindin lambuna yake gangarowa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Baba abokin mahaifina ne, tare suka yi zamanin jigo a wannan fadamar tun kafin injin ban-ruwa ya zo, don haka ban iya mayar masa da magana ba. Na dai ce to, Allah ya sawwaƙe, zan duba. A zuciyata kuwa cewa nake tsufa ne ya kama shi. Ni da ban taɓa zuba ko cokalin gishiri a gona ba, ina ni ina sa wa ruwa zartsi?

Lambun namu yana gefen wani ƙaramin rafi a arewacin garin Kaduna, wanda yake ratso unguwanni ya biyo fadama kafin ya faɗa kogin Kaduna. Da damina rafin yakan cika har ya hana tsallakawa. Da bazara kuwa sai ya koma siririn zare, kuma rabin abin da ke cikinsa ruwan kwata ne da na wanki daga gidajen da ke sama. Ni ina ja daga sama, Baba yana ja daga wani gurbi da ke ƙasa da ni, daidai inda rarar ruwan lambuna take komawa rafi. Duk wannan na san shi tun ina yaro, ban dai taɓa haɗa lissafin ba.

Abin da ya sa na kasa barci a daren shi ne ni ma ina da abin da nake ɓoyewa. Shekara biyu ke nan ina ganin wani fari-fari a saman kunyoyin tumatur, kamar an barbaɗa garin kanwa. Idan na ba da ruwa sai ya ɓace, bayan kwana biyu ya dawo. Maganin da na yi masa shi ne ƙara ruwa. Ina ganin farin, sai in tayar da inji in cika kwari taf, in bar shi ya malala har ya fita ta ƙasa. A tunanina wanke gona nake yi.

Bayan kwana uku na samo malamin gona da ke zagayen yankinmu. Ya zo da wani ɗan abu kamar alƙalami mai kauri, wanda ake tsomawa a ruwa lamba ta fito. Ya ce abin yana auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki ne, domin iya yawan gishirin da ya narke a ciki, iya yadda lantarki ke ratsa shi. Ma'aunin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar shi ne: ruwan da bai kai 0.7 ba ana ban-ruwa da shi hankali kwance, daga 0.7 zuwa 3 sai an yi taka-tsantsan, wanda ya wuce 3 kuwa matsala ce babba. Muka taka har bakin babban kogi ya tsoma, lambar ko kusa da 0.7 ba ta je ba. Muka dawo inda nake jefa tiyon injina, ta ɗan haura 0.7. Sai muka gangara inda rarar ruwana ke zuba a rafi. Da lambar ta fito, malam bai ce komai ba, ya miƙo min abin kawai. Ta ninka ta sama har da ɗoriya.

Gani ya kori ji. Na tsuguna a wurin na ce, "Malam, daga ina?"

Ya ce in tuna tukunyar miya. Idan aka bar ta a wuta, ruwa ne yake tafiya, gishiri yana nan, miyar sai ƙara ɗaci take. Gona da rani haka take: rana ta sha nata, shuka ta sha nata, duka biyun ruwa zalla suke ɗauka su bar gishirin. Kuma gishirin da yake nufi ya wuce na miya, ya haɗa da duk abin da ya narke a ruwa, na sabulu, na kwata, na takin zamani, na kashin kaji da muke jibgawa ɗanye. Ya ɗauki tsinke ya yi min lissafi a ƙasa. A ce kowace lita tana ɗauke da rabin giram kacal, wanda harshe ma ba zai ji ba. Tumatur daga dashe zuwa gama tsinka yana iya cin ruwan da ya kai zurfin milimita 600, wato lita miliyan 6 a hekta ɗaya. Rabin giram sau miliyan 6, kilo 3,000 ke nan. Buhu 60 na gishiri, irin buhun taki mai kilo 50. Ya ce ni da nake ninka ruwan, sai in ninka buhunan da kaina.

Daga nan ya sa ƙanena ya haƙa rami a tsakiyar lambu. Bai kai ƙugu ba ruwa ya fara tsattsafowa. Wannan, in ji malam, shi ne ruwan da nake ta turawa ƙasa. Ya taru ya taso kusa da saiwa. Idan ruwan ƙasa ya matso sama haka, ƙasar takan riƙa zuƙo shi kamar yadda lagwani ke zuƙo kananzir a fitila, ya hau har saman kunya, rana ta ƙafar da shi, farin ya zauna. Ashe wankin da nake yi shi ne yake dawo min da dattin. Wanda bai taso ba kuma ya sulale ta ƙarƙashi da ta sama ya nufi gurbin Baba, ɗauke da takin da na saya da kuɗina. Albasa kuwa ba ta da juriya ko kaɗan. A ma'aunin gishirin da ke cikin ƙasar gona, daga 1.2 take fara raguwa, karas daga 1, tattasai daga 1.5, shi kuwa tumatur yana daurewa har 2.5. Shi ya sa ni da na jawo abin nake tsinkar tumatur ɗina, Baba yake kwasar asara.

Malam ya ba ni wani labari da na daɗe ina juyawa. A Amurka akwai kogin Kolorado da ke gangarawa ƙasar Meksiko. A 1961 aka fara zuba ruwan da ake janyewa daga ƙarƙashin wasu gonakin ban-ruwa na jihar Arizona cikin kogin, zartsin ya yi yawa har amfanin gonar manoman Meksiko da ke ƙasa ya lalace. Rigimar ta kai ga gwamnatocin biyu, suka yi yarjejeniya a 1973, sannan a 1974 Amurka ta kafa doka ta rage gishirin kogin. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na gishirin kogin nan daga ban-ruwa yake zuwa, don haka babban aikin da suka sa a gaba shi ne shafe magudanan ruwa da siminti, sa bututu, da taimaka wa manoma su bar malalen ruwa. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce wato ni ne Amurka, Baba ne Meksiko.

Washegari na je na gaishe da Baba, na ce, "Baba, maganarka gaskiya ce, a yafe min." Ya ce, "Ba komai ɗana, ruwa ai ba ya tsami banza. Mahaifinka da guga yake ba da ruwa, bai taɓa ba shuka abin da ya fi cikinta ba. Ku da kuka samu inji kuka ɗauka kogi na gado ne." Na haɗiye.

Wannan ranin ya riga ya tafi. Abin da na iya yi kawai shi ne na daina malale, na toshe bakin da rarar ke fita da buhunan yashi. Na kuma ɗebi ƙasa daga wurare biyar na kai Samaru, Zariya, inda ake gwajin ƙasa a cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Dalilin zuwana shi ne wani mai shagon kayan gona ya dage sai na sayi wani farin gari da ake kira jifsam, wai shi ne maganin gishiri. Malam ya ce kada in yi gaggawa: jifsam yana aiki ne a ƙasar da irin gishirin kanwa ya kama ta har ta yi tauri ta daina shan ruwa. Idan ƙasar tana shan ruwa lafiya, zuba shi asarar kuɗi ce. Sakamako ya nuna tawa ba ta kai can ba. Kuɗin motar Zariya ya fi min arha nesa ba kusa ba.

Sai ga 29 ga Mayu 2023, aka cire tallafin man fetur. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. In faɗi gaskiya, wannan ne ya zaburar da ni fiye da kunyar Baba. Duk awa ɗaya da inji zai yi yana tura ruwan da shuka ba ta buƙata, aljihuna yake ƙonewa.

Da kaka ta yi, muka fara da daidaita ƙasa, kuma a nan na fi shan wahala. Lambun yana da gangara da ido ba ya gani sosai. Kwarin da nake yi dogaye ne daga wannan kai zuwa wancan, kafin ruwa ya isa ƙarshe, farkon ya sha har ya gaji, tsakiyar kuma akwai lotsawa inda ruwa ke kwana. Na ɗauko wani magini daga unguwarmu da siririn tiyonsa mai ruwa a ciki, irin wanda suke daidaita tubali da shi. Muka kafa turaku, muka yi alama, muka riƙa kwashe tudu muna cike kwari da baro da shebur. Kwana tara muna abu ɗaya, ni da ƙanena da yara biyu 'yan ƙwadago. Maginin yana ta tsokanata wai tunda yake bai taɓa yi wa tumatur fandisho ba. Dogayen kwarin nan muka yanka su gida uku-uku, kowane da bakinsa, yadda za a buɗe a cika a rufe cikin 'yan mintuna.

Babbar magudanar da ke kawo ruwa daga inji ta ƙasa ce, tun ta mahaifina. Kullum gefenta a jiƙe, ciyawa kore shar ko a tsakiyar bazara, ni kuwa ina ganin albarka ce. Yoyo ne. Na cike ta na shimfiɗa bututun roba mai inci biyu, na binne shi saboda rana da kofaton shanu, na fitar da baki-baki da makunni a kowane sashe. A ranar farko da na tayar da inji, kafin in taka zuwa ƙarshen lambu ruwa ya riga ni isa.

Ɗigo-ɗigo kuwa, wato ban-ruwan da ke ɗiga ruwa a gindin kowace shuka, ban sa wa duka lambun ba, kuɗin ba su kai ba, kuma ban ga hikimar sa wa albasa da latas da ake shukawa a cunkushe cikin fangali ba. Tumatur da tattasai kaɗai na yi wa. A kasuwar Panteka aka haɗa min ƙafar ƙarfe mai tsayin kusan mita biyu, na ɗora tanki, daga tanki zuwa matata, daga matata zuwa siraran tiyo masu huda kowane santimita 30. Inji yana cika tanki in kashe shi, sauran aikin gangara ce take yi. A littafi ana cewa malale kusan rabin ruwan ne ke amfanar shuka, ɗigo kuwa yana kai kashi 90 cikin 100. Littafi dai bai san ɓerayen fadamarmu ba. Sati na biyu na tarar da tiyo a huje wuri bakwai, ƙishirwa ta sa suna tauna shi da dare. Wani tsohon ma'aikacin gona ya ce in ajiye musu ruwa a fasassun robobi a gefen lambu, su sha su ƙyale ni. Na ji abin banbaraƙwai, in shayar da ɓarawo, amma ɓarnar ta ragu sosai. Sai kuma toshewa. Ruwan rafinmu da laka da gansakuka, idan na yi kwana biyu ban wanke matata ba, layin ƙarshe sai ya bushe ban sani ba. Na yi asarar layi biyu na tattasai kafin in koyi bin kowane layi da ido duk safiya, in kuma buɗe ƙarshensa duk sati ruwa ya tunkuɗo dattin. Duk wanda ya ce maka ɗigo-ɗigo hutu ne, bai taɓa yi da ruwan rafi ba.

Wasu gyare-gyaren ko sisi ba su ci ba. Na daina dasa tumatur a ƙoƙuwar kunya na koma kafaɗarta, tunda gishiri can saman yake taruwa. Na rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa da karan masara don rana ta rage ƙafar da ƙasa. Kashin kaji na daina zuba shi ɗanye, sai ya daɗe a rami ya ruɓe. Kamfa da yuriya da nake watsawa gaba ɗaya in bi da ruwa, yanzu kaɗan-kaɗan nake sawa sau uku ko huɗu, in tona in binne. Ranar ba da ruwa kuma ba kalanda ke faɗa min ba. Ina tona kamar tsawon tafin hannu a gindin shuka in dunƙula ƙasar. Idan ta dunƙulu ta zauna, in bar ta sai gobe, idan ta wargaje in buɗe makunni. Baba da ya ga ina yi ya ce ai haka suke yi tun fil azal, mu ne muka mayar da shi sabon ilimi.

Akwai tambayar da ta tsaya min a rai, na kai wa malam. Idan na rage ruwa na kuma toshe mafita, gishirin da ke shigowa ina zai je? Ai yana nan a gonata. Ya ce haka ne, dole wata rana a wanke shi, magana ita ce yaushe. Mu a Kaduna Allah ya ba mu abin da manoman hamada ba su da shi: ruwan sama da ya haura milimita 1,000 a shekara, wanda ba gishiri a cikinsa. Idan na yi wankin a Maris, ina tura dattin ne cikin rafin da bai fi zare ba, kuma duk wanda ke ƙasa zai sha shi da kaurinsa. Idan na jira Yuli da Agusta, sama ce za ta wanke min kyauta, lokacin kogi ya cika ya batse, kuma ba mai ban-ruwa. Saboda haka muka haƙa lambatu mai zurfi a gindin lambun, yana toshe duk rani, sai damina ta kankama nake kwashe buhunan.

Ya kuma ja min kunne kan abu ɗaya da na ga zahirinsa. Ɗigo yana tura gishiri ne zuwa gefen da'irar da ta jiƙe, har za ka ga farin zobe kewaye da kowace shuka. Yayyafin farko na ƙarshen bazara, wanda bai isa ya ratsa ƙasa ba, yana iya narkar da zoben nan ya kai shi daidai kan saiwa. Maganinsa shi ne idan an fara yayyafin a buɗe ɗigon. Daren da aka yi na farko a Afrilu na fita da tocila ina buɗe makunni cikin ruwa, maƙwabcina yana leƙowa daga bukkarsa yana tambaya ko lafiya nake.

Ba zan ce ɗan lambuna ya canza kogin Kaduna ba. Kogi ne da ya taso tun daga tsaunukan Filato, ya ratsa garin nan, ya wuce madatsar Shiroro har ya haɗu da kogin Neja a ƙasar Nufe, kuma ruwansa mai daɗi ne. Amma da rani shi ma yana ja baya, har an gina madatsar Kangimi a Igabi don a riƙa tallafa masa, kuma daga cikinsa matatar Malali ke ɗibar ruwan da ake sha a gari. Lambuna irin nawa a bakinsa da bakin rafukan da ke shiga cikinsa ba su ƙirguwa, kowa da injinsa da buhun takinsa.

Sarkin noma ya tara mu a ƙarƙashin mangwaro aka yi maganar. Da na fara bayanin gishiri, rabin mutanen hamma suke yi. Da na ce man da nake saya a sati yanzu yana kai ni kusan sati biyu, sai aka gyara zama, tambayoyi suka ɓarke: nawa ne bututu, wane ne maginin. Mutum huɗu sun sa bututu a wannan shekarar, biyu sun yanka kwarinsu. Ɗigo ba wanda ya bi ni, kuma ban ga laifinsu ba, don tiyon ba ya wuce rani biyu ko uku sai an sake. Akwai kuma wani a samana da ya ce shi ruwa na Allah ne, ba wanda zai auna masa, har yau malale yake yi, rararsa tana biyowa ta inda nake ja. Ruwan kwatar unguwanni ma yana nan yadda yake, wannan ya fi ƙarfin manomi.

Na sayi irin abin awon nan nawa na kaina, yana aljihun rigar aikina. A Maris ɗin da ya biyo baya na sake haƙa rami a wurin da ƙanena ya haƙa, na wuce ƙugu ban tarar da ruwa ba. Farin saman kunya ya ragu, sai ɗan zoben ɗigo. Lambar gurbin Baba ta sauko ta kusa daidai da ta inda nake ja, ko da yake ba ta kai ta babban kogi ba. Albasarsa ta yi kai a wannan shekarar, ya aiko jikansa da rabin buhu gidanmu. Da na je godiya ya ce in bar godiya, in ba shi aron "alƙalamin nan" ranar Juma'a, yana so ya hau wurin mutumin da ke samana, ya tsoma masa shi a gaban idonsa.